Silin Ɗin Ɗakin Kwana da Majigi: Martani Ga Mai Kiran A Fitar Da Talabijin

Haska fim a silin ɗin ɗakin kwana dabara ce da ta yaɗu tun da ƙananan majigi masu fitilar LED suka cika kasuwa. Ana ajiye na'urar a gefen gado, a ɗaga idonta sama, mai kallo ya kwanta rigingine hoto yana tafiya a bisansa. Wata maƙala da ta fito kwanan baya ta yabi wannan dabara har ta wuce gona da iri. Marubucinta ya kafa hujja huɗu. Ya ce kowane ƙaramin majigi mai araha zai ba da hoto mai inci 120. Ya ce silin allo ne fari da magini ya riga ya tanada kyauta. Ya ce kallo a kwance ya fi lafiya ga wuya da ido, yana kuma kawo barci. Sannan ya ce majigi ya fi talabijin sauƙin kuɗi da sauƙin wuta, saboda haka lokaci ya yi da za a fitar da talabijin daga ɗaki. A cikin kowace hujja akwai ƙwayar gaskiya, amma babu wadda ta tsaya da ƙafarta idan aka auna ta da yadda na'urar take aiki da yadda ɗakunan kwana suke a zahiri.

Yadda majigi yake yin hoto

Kalmar majigi tsohuwa ce a Hausa. Ta samo asali daga sunan da Turawa suke kiran tsohuwar fitilar haska hotuna, kuma ta kama bakin mutane a zamanin da motocin gwamnatin mulkin mallaka suke zagaya garuruwa suna nuna fina-finan tsabta da noma a fili. Masu wannan aiki ba sa kunna na'ura sai rana ta faɗi. Gidajen silima na farko a Kano, irin su Rex da aka buɗe a 1937, su ma a buɗe suke ba rufi, sai duhu ya shiga ake fara nuni. Dalilin bai canza ba har yau, duk da cewa na'urar ta koma ƙarama kamar gwangwanin madara.

Talabijin yana fitar da haskensa daga cikin gilashi mai duhu, don haka baƙi yana fitowa baƙi ko da fitila tana kunne. Majigi kuwa haske yake watsawa a kan wani abu, abin ya mayar wa ido. Ba shi da ikon haska baƙi. Duk inda hoto ya kamata ya yi baƙi, na'urar tana rage haske ne a wurin, sai ido ya ga launin silin kamar yadda ɗakin ya bar shi. Idan akwai hasken taga ko na ƙwan fitila, farin silin zai kasance fari, kuma wannan farin shi ne iyakar baƙin da hoton zai samu. Ko da an kashe komai, farin bangon ɗaki yana mayar da wani ɓangare na hasken majigin kan silin, hoton ya yi fari-fari. Shi ya sa ake lulluɓe bangon gidan silima da duhun launi. Maƙalar ba ta ambaci duhu ko sau ɗaya ba, alhali shi ne sharaɗin farko. Mai son kallon wasan ƙwallon Ingila na ranar Asabar, wanda ake takewa da ƙarfe 3 ko 4 na yamma agogon Najeriya da Nijar, zai buƙaci labule mai kauri da rufe ƙofa da tagogi a lokacin da ɗaki ya fi buƙatar iska.

Girman hoto da tsawon ɗaki

Girman hoton majigi yana bin tazarar da ke tsakanin idonsa da inda yake haskawa. Kowace na'ura tana da lissafinta da ake rubutawa a takardar bayani, kamar 1.2:1, ma'ana sai an ja da baya mita 1.2 kafin a samu hoto mai faɗin mita 1. Yawancin ƙananan majigi na gida suna tsakanin 1.2 da 1.5. A bango ana iya ja da baya har ƙarshen ɗaki. A silin babu wurin ja da baya, domin ƙasa ta tare.

Tsawon ɗakin kwana daga daɓe zuwa silin yakan kasance tsakanin mita 2.7 da mita 3. Idan aka ɗora majigi a kan durowar gefen gado, aka haɗa da tsawon jikinsa, tazarar da ta rage ba ta wuce mita 2 da kaɗan. A lissafin 1.2, mita 2 tana ba da hoto mai faɗin mita 1.67, wato kimanin inci 75 daga kusurwa zuwa kusurwa. A lissafin 1.5 kuwa faɗin mita 1.33 ne, kimanin inci 60. Hoto mai inci 120 faɗinsa mita 2.66 ne, kuma majigi mai lissafin 1.2 yana buƙatar tazarar mita 3.2 kafin ya kai nan. Ko an ajiye shi a kan daɓe ba zai kai ba a ɗaki mai mita 3. Akwai majigi masu gajeren jifa da suke ba da babban hoto daga kusa, amma ba su ne masu arahar da marubucin yake magana a kai ba. Inci 60 zuwa 75 ba ƙaramin hoto ba ne, kuma da marubucin ya faɗi haka da ba a yi masa gardama ba. Lambar da ya kawo daga jikin kwali ya kwafo ta, kwalin kuwa bango yake nufi.

Wurin ajiyewa ma yana da tasa matsalar. Hoton ya kamata ya kasance daidai saman fuskar mai kallo, amma majigi ba zai zauna a kan ƙirjinsa ba. Dole a ajiye shi a gefe ko a bayan kan gado, a karkata shi. Hoton da aka jefa a karkace yana fitowa gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Na'urorin zamani suna gyara wannan da kansu, sai dai gyaran na lissafi ne: suna matse hoton cikin wani ɓangare na allon ciki, su bar sauran. Ana asarar tsabtar hoto da haske, kuma a ɗaki mai duhu ana ganin wani dishi-dishin haske mai karkatacciyar siffa kewaye da hoton. Idan karkatar ta yi yawa, gefe ɗaya zai fito tar, ɗayan ya yi hazo, domin tazararsu da idon majigi ba ɗaya ba ce.

Lambar haske da ke jikin kwali

Ana auna hasken majigi da lumen. Hanyar da aka amince da ita ita ce ta ANSI, da kuma ƙa'idar ISO 21118 da ta biyo baya: a haska farin hoto, a auna wurare 9 a kansa, a fitar da matsakaici. Masu sayar da majigi masu araha da yawa ba sa bin wannan hanya. Wasu suna rubuta hasken fitilar kanta kafin ya ratsa gilasai da allon ciki, inda mafi yawansa yake ɓacewa. Wasu suna rubuta lamba da sunan wani ma'auni dabam. Abin ya kai ga shari'a: a 2020 kamfanin Epson ya kai ƙarar masu wasu tambura huɗu da ake sayarwa a Amazon a gaban kotun Amurka kan zuzuta lambar haske. Ko manyan kamfanoni sukan kawo lamba biyu. Majigin The Freestyle da Samsung ya fitar a Janairun 2022, wanda aka ƙera shi yana juyawa digiri 180 don a iya haska silin, an tallata shi da lumen 550 na ma'aunin LED, amma a ma'aunin ANSI kimanin 230 ne.

Amfanin sanin wannan yana fitowa idan aka yi lissafi. Ƙa'idar gidajen silima na dijital ita ce farin hoto ya kai kandela 48 a kowace murabba'in mita, a cikin duhu sosai. Hoto mai inci 100 yana da faɗin fili kimanin murabba'in mita 2.76. Farin fenti mai kyau yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Don a kai matsayin silima a wannan girma ana buƙatar lumen na gaskiya fiye da 500. Majigi mai lumen 200 zai ba da kandela 18 kacal a inci 100, bai kai rabin abin da ake so ba. Idan aka rage hoton zuwa inci 60, wanda filinsa kusan murabba'in mita 1 ne, wannan majigi zai kai kandela 50. Ashe ƙanƙantar tazarar silin taimako ce ga majigi mai rauni, kuma babban hoton da marubucin yake alkawari shi ne abin da zai fi tona asirin na'urar. Talabijin na gida kuwa yakan ba da kandela 250 zuwa 400, shi ya sa ake kallonsa da rana tsaka.

Haka batun yawan ɗigon hoto yake. Kwali yakan ce na'ura tana karɓar 1080p ko 4K, amma karɓa dabam, nunawa dabam. Allon cikin wasu masu araha ɗigo 854 ne a kwance, 480 a tsaye, jimilla bai kai ɗigo 410,000 ba, alhali 1080p na gaskiya ɗigo 2,073,600 ne. Idan aka shimfiɗa ɗigo 854 a faɗin mita 1.67, kowane ɗigo ya kusa milimita 2. Ido mai lafiya daga tazarar mita 2 yana bambance abin da bai kai milimita 1 ba. Mai kallo zai ga hoton kamar ta cikin rariya, rubutun fassara da ke ƙasan fim kuma ya yi wuyar karantawa. Araha ba ta ado.

Silin a matsayin allo

Allon majigi abu ne shimfiɗaɗɗe, fari, marar ƙyalli, marar gaɓa. Silin ɗin da ya cika waɗannan sharuɗɗa huɗu kaɗan ne. Silin ɗin POP da ake yayi a sababbin gidaje yawanci yana da matakai da zane da ƙananan fitilu da aka binne a ciki, tsakiyarsa kuma da furen da fitila ko fanka take rataye. Silin ɗin roba na PVC yana da layuka a jere, yana kuma da ƙyalli, sai hasken majigi ya taru wuri ɗaya ya kashe ido, sauran hoton ya dushe. Tsohon silin na faifai murabba'i yana da katakan da suka tsaga shi gida-gida, kuma duk inda kwano ya taɓa yoyo akwai tabon ruwa mai launin ƙasa da zai zauna a fuskar ɗan wasa daga farkon fim har ƙarshe. Ɗakin soro mai azara ko ɗaurin guga ba a ma maganarsa, haka ɗakin da kwano ne kawai a sama.

Launi ma yana da tasiri. Fentin da ido yake gani fari sau da yawa yana da ɗan ruwan madara ko ruwan toka, kuma duk launin da ke jikinsa zai shiga cikin kowane launi na hoton. Ana iya gyara silin: a shafe wani murabba'i, a goge, a yi masa farin fenti marar ƙyalli, ko a ɗaure yadin allo a sama. Wannan aiki ne na mai fenti da kafinta, da kuɗinsu, kuma ɗan haya sai ya nemi izinin mai gida. Kalmar kyauta da maƙalar ta yi amfani da ita ba ta da gurbi a nan.

Fanka da gidan sauro

Abu biyu suna tsakanin gado da silin a mafi yawan ɗakunan kwana na ƙasashe masu zafi, kuma maƙalar ta tsallake su kamar babu su. Na farko fanka. Fankar silin mai inci 56, wadda aka fi sani, tana share da'ira mai faɗin mita 1.4 a tsakiyar ɗaki, sau da yawa daidai saman gado, domin don mai kwanciya aka rataye ta. Idan tana tsaye, fikafikanta suna tare hoton suna jefa inuwa. Idan tana juyawa, tana yanka hasken sau da dama a kowace daƙiƙa, hoton ya riƙa ƙyaftawa yadda ido ba zai jure ba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, mai ɗaki zai zaɓa tsakanin iska da fim.

Na biyu gidan sauro. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma gidan sauro mai magani yana cikin manyan hanyoyin kariya. Idan majigi yana cikin gidan sauron, haskensa zai fara sauka a rufin ragar, ya yi hoto mai hazo a nan, sauran ya wuce silin ya yi na biyu. Idan yana waje, mai kallo zai hangi hoton ta cikin ragar da haske ya haska ta yi fari. Mafita mafi sauƙi ita ce a ɗage gidan sauron har fim ya ƙare, wato a kwanta a buɗe cikin dare, a lokacin da sauron da ke kawo zazzaɓi yake cizo, kuma mai kallo a kwance barci kan sace shi kafin ya tuna ya sauke.

Zafi da ƙura da tsayuwar na'ura

Ba kowane majigi aka ƙera don ya kalli sama ba. Masu ƙwan fitila mai sinadarin zaiba, irin waɗanda ake gani a ofisoshi da makarantu, suna da iyakar karkatar da kamfani ya yarda da ita, domin an tsara hanyar iskar da ke sanyaya ƙwan a kan cewa na'urar tana kwance. Tsayar da su yana iya rage kwanan ƙwan, wanda dama awa 2,000 zuwa 6,000 yake yi. Masu LED da leza sun fi haƙuri, ana kuma ƙiyasta musu awa 20,000 zuwa 30,000. Duk da haka mahaɗar wuta da ta HDMI da ramukan iska sukan kasance a bayan na'ura, wato gefen da za a kwantar a ƙasa idan ana son ido ya kalli silin. Ɗora ta a kan katifa ko matashi yana toshe iskar gaba ɗaya. Ana buƙatar mariƙi mai juyawa ko ƙafa uku irin ta kyamara.

Akwai dabarar madubi: a bar majigi a kwance, a kafa madubi a gabansa a karkatar digiri 45, ya juya hasken sama, sannan a juya hoton a cikin saitin na'ura. Madubin gida yana da rufin azurfarsa a bayan gilashi, fuskar gilashin kuma tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske, sai a ga hoto da ɗan inuwarsa a gefe. Madubi mai rufi a fuska shi ne ya dace, kuma ba a samunsa a wurin kowane mai yankan gilashi.

Yawancin majigi an rubuta musu iyakar zafin wurin aiki tsakanin digiri 35 da 40 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana yana haura 40 a bazara, ɗaki mai rufin kwano kuma yana riƙe zafinsa har dare ya yi nisa. Na'ura tana kare kanta ta hanyar ƙara gudun fankarta, ko rage haske, ko kashe kanta. Da hunturu kuma ƙurar da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana shiga ko'ina. Idon majigin da ke kallon sama faranti ne na tarar ƙura. Majigi masu araha da ke da allon LCD guda ɗaya galibi cikinsu a buɗe yake, iska tana ratsa ta kan allon, ƙura ta manne, ta fito a hoto kamar baƙaƙen tabo da goge waje ba ya cirewa.

Batun lafiya

Hujjar wuya ita ce mafi ƙarfi a maƙalar. Wanda yake kallon talabijin daga kan gado yakan tara matasai ya lanƙwasa wuya, kuma kallon sama kai-tsaye yana kawar da wannan. Amma kwanciya rigingine ta awa biyu ba ta dace da kowa ba. Likitoci suna shawartar mai juna biyu da ta kai mako 28 ta riƙa barci a gefe. Mai ƙwannafi yana shan wuya idan ya miƙe bayan cin abinci. Mai minshari da mai ɗaukewar numfashi a barci abin nasu yana ƙaruwa a rigingine. Tun da marubucin da kansa yana fatan barci ya ɗauki mai kallo a wannan hali, ya kamata ya faɗi waɗanda shawarar ba ta shafa ba.

Game da ido, gaskiya ne hasken da silin yake mayarwa bai kai na waya ko talabijin ƙarfi ba. Sai dai ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta bayyana cewa gajiyar ido a gaban allo tana zuwa ne musamman daga raguwar ƙyaftawa. Mutum yakan ƙyafta kusan sau 15 a minti, idan ya ƙura wa allo ido adadin yana sauka zuwa rabi ko ƙasa da haka, ido ya bushe. Wannan bai bambanta bango da silin ba. Akwai kuma haɗarin da dabarar silin ta keɓanta da shi. Takardar bayanin majigi tana gargaɗin kada a kalli cikin idonsa yana kunne. Na'urar da ke gefen gado tana haska sama tana daidai inda yaro mai tatata zai leƙa, da inda babba zai sunkuya ya ɗauki kofin ruwa.

Batun barci shi ne inda maƙalar ta fi kauce wa abin da aka sani. Wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's na birnin Boston, aka buga a mujallar PNAS a farkon 2015, ya sa mutum 12 karatu a allo mai haske na kusan awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere. An samu raguwar sinadarin melatonin mai kawo barci, sun kuma ƙara kusan minti 10 kafin barci ya ɗauke su idan aka kwatanta da karanta littafin takarda. Hasken majigi bai kai na wancan allo kusanci da ido ba, don haka ba za a ɗora masa sakamakon kai-tsaye ba. Amma haske ba shi kaɗai yake hana barci ba. Shiri mai dogon zango irin Labarina ko Izzar So an gina shi ne yadda ƙarshen kowane kashi zai ja mai kallo zuwa na gaba, kuma wanda ya riga ya kwanta ba shi da wani tashi da zai yanke masa kallon. Masana barci suna shawartar a keɓe gado don barci, ƙwaƙwalwa ta saba da haɗa su. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana cewa a fitar da allo daga ɗakin barcin yara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojinta na 2019 ta ce kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana. A gidan da ƙananan yara suke kwana ɗakin mahaifiyarsu, hoton inci 70 a sama yana gaban idon duk wanda ke ɗakin. Talabijin ana iya juya masa baya. Silin mai haske yana haska ɗaki duka, abokin kwanan da ke son barci ba shi da gefen da zai juya.

Ƙarar fankar cikin majigi ma abin lura ce. Takan kai desibel 25 zuwa 35, masu araha suna wuce haka, kuma a wannan tsari tana kusa da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagoranta na 1999 ta ce ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin barci kada ta wuce desibel 30. Sautin fim ɗin kuma daga gefen kai yake fitowa alhali bakin mai magana yana sama.

Kuɗi da wutar lantarki

Kwatancin kuɗi da marubucin ya yi tsakanin majigi mafi araha ne da talabijin mai tsada. Kwatancin adalci shi ne tsakanin na'urori biyu masu ba da hoto mai inganci ɗaya. Majigi mai 1080p na gaskiya da lumen ɗari da dama na ANSI farashinsa yakan kai ko ya wuce na talabijin mai inci 43, kafin a haɗa mariƙi da lasifika da labule da gyaran silin. Akwai kuma abin da mai saye ba ya sani sai ya kai gida. Manhajojin fim na biya irin su Netflix suna da kariyar haƙƙin mallaka da ke hana a kwafi fuskar waya zuwa wani allo, sai sauti ya fito hoto ya yi baƙi. Majigi masu araha da yawa ba su da lasisin waɗannan manhajoji, sai an sayi wata ƙaramar na'ura irin Fire TV Stick an maƙala. Mai dikodar tauraron ɗan'adam kuma zai jawo waya daga inda take har gefen gado.

A batun wuta, ƙaramin majigi na LED yana shan abin da bai wuce wat 100 ba, kusan daidai da talabijin mai inci 43, don haka babu wani ragi a zo a gani. Mai ƙwan zaiba yana shan wat 250 zuwa 350, yana kuma buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi har ƙwan ya huce. Ɗaukewar wuta ba zato tana hana wannan, tana cin kwanan ƙwan. Masu batir suna da amfani a inda wuta ba ta tsayawa, sai dai yawancinsu awa 2 zuwa 2 da rabi suke yi, kuma suna rage haske idan suna kan batir. Fim ɗin Indiya irin Sholay na 1975, mai fiye da awa 3, zai fi ƙarfin batirin.

Inda dabarar take da gurbi

Haska silin tana da masu amfana da ita na gaskiya. Majinyacin da aka hana tashi bayan tiyatar ƙashin baya, da wanda karaya ta kwantar, da tsohon da zama yake wahalar da shi, dukansu silin ne abin da idonsu yake gani yini guda, kuma sa masa hoto alheri ne. Ɗalibi ko ma'aikaci mai ɗaki ɗaya da kaya suka cinye bangonsa, ko mai yawan ƙaura da ba ya son ɗaukar gilashi mai fashewa, shi ma yana da dalili. Wanda yake son kallon fim ɗaya a daren hutu, a ɗaki mai na'urar sanyi da tagogi masu raga, ba zai ga yawancin matsalolin da aka lissafa ba.

Ga irin waɗannan, sharuɗɗan a bayyane suke. Na'ura ta kasance mai LED ko leza, wadda takardar bayaninta ta yarda a haska sama da ita. A nemi lambar haske ta ANSI ko ISO, da yawan ɗigon allon ciki na asali, aƙalla 1280 a 720. A auna tazara daga inda za a ajiye ta zuwa silin, a raba da lissafin jifarta, a san faɗin hoton kafin a biya kuɗi. A zaɓi ɓangaren silin da yake shimfiɗe, nesa da fanka, a yi masa farin fenti marar ƙyalli. A kafa na'urar a mariƙi kusa da tsakiyar kan gado yadda karkata za ta yi kaɗan, ramukan iskarta a buɗe, sama da inda hannun yaro yake kaiwa. A rufe idonta idan ba a aiki da ita, a riƙa share matatar ƙura musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A saita ta ta kashe kanta bayan wani lokaci, a kuma sauke gidan sauro kafin a kwanta barci. Labarai da wasan ƙwallo na rana da kallon iyali a zaune kuwa aikin talabijin ne, kuma majigin silin ba ya ɗauke masa ko ɗaya daga cikinsu.